Ranar Da Aka Yi Fadancin Sarki Kwasau A Ajinmu

Ina gaida malamanmu baki ɗaya. Waɗanda ke raye Allah ya ƙara musu lafiya, waɗanda suka riga mu gidan gaskiya kuwa Allah ya jiƙansu da rahama. Ina kuma gaida 'yan'uwa tsofaffin ɗalibai, musamman 'yan ajinmu da muka watsu, wasu a Kaduna, wasu a Kano da Abuja, wasu kuma suna nan gida suna fama da rake da tumatir, kuma in an bi ta gaskiya sun fi mu masu jiran albashi kwanciyar hankali.

Da Edita ya aiko mini cewa lalle in rubuto wani abu a kan tarihi, sai na rasa ta inda zan kama. Ina cikin wannan tunani sai na tuna wata rana cikin 2006, muna aji biyar, da malamin tarihi ya shigo ba littafi ba alli, sai wani tsohon gwangwanin madara a hannunsa cike da 'yan takardu a nannaɗe. Ya ce kowa ya sa hannu ya ɗauki ɗaya. Wanda ya buɗe tasa ya ga an rubuta Sarki, wani Galadima, wani Madaki, wani Limamin Juma'a, wani madugun fatake, wani manzon Sakkwato, wani kuma Bature. Ni da na buɗe tawa sai na ga dagacin wani ƙauye a arewacin Zazzau. Na ji haushi ƙwarai, don kuwa na baro Taba ne in yi karatu in zama wani abu, ga shi ko a wasa ƙauye aka mayar da ni.

A ƙarƙashin kowane muƙami malam ya rubuta abin da mutumin yake so, da abin da yake tsoro, da ɗan abin da ya sani. Sa'an nan ya kafa doka guda. Ya ce, "Yau muna farkon shekarar 1902. Duk wanda ya faɗi abin da ya faru bayan wannan shekara ya fita daga wasa, domin mutanen da kuke wakilta ba su san gobe ba."

Kafin in ba da labarin yadda ta kaya, ya kamata in nuna cewa malam bai ƙago wannan dabara daga sama ba, kuma ba daga Turawa kaɗai aka samo ta ba. Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Kudan da Maƙarfi da Ikara ya san langa, wadda in ka dube ta da kyau yaƙi ne sosai: ga ɓangare biyu, ga ruwa wanda ake karewa, ga dawakai masu kai hari, ga kuma gari da ake neman ci. Ya san tashe cikin watan azumi, inda yaro zai ɗaura gemun auduga ya zama malami, ko ya rataya layu da tarkace ya zama Jatau Mai Magani, ya tsaya a gaban manya ya nuna musu halinsu, su yi dariya su ba shi hatsi. Ya san kalankuwa bayan kaka, inda samari kan naɗa nasu sarki da alƙali da 'yan doka, su yi mulkin 'yan kwanaki har da shari'a da cin tara. A fadojin sarakuna kuma akwai wasan gauta, inda matan cikin gida kan kwaikwayi sarki da hakimansa, yadda suke tafiya da yadda suke magana, sarki yana kallo ya ga kansa. Ashe tun fil azal Bahaushe ya san cewa akwai maganar da ba ta faɗuwa sai an ari bakin wani.

Makarantar boko ta zo ta tarar da wannan, ta ɗora nata. A shekarun 1930 Dokta Rupert East na Ofishin Talifi da ke Zariya ya fitar da littafin nan Six Hausa Plays domin 'yan makaranta. Malam Aminu Kano, lokacin da yake koyarwa a Midil ta Bauchi a shekarun 1940, ya riƙa rubuta wasanni yana sa ɗalibai su yi, kuma yawancinsu zambo ne ga zaluncin ma'aikatan En'e. Abubakar Tunau ya fitar da Wasan Marafa cikin 1949. Namu na gida kuwa, Malam Shu'aibu Maƙarfi, shi ya rubuta Zamanin Nan Namu a 1959 da Jatau Na Kyallu a 1960, waɗanda da yawa daga cikinmu muka karanta don jarrabawar Hausa ba tare da mun lura cewa sunan garin da muke zuwa cin kasuwa ne a bangon littafin ba. Daga baya, tun daga shekarun 1970, malaman sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello suka fitar da ɗalibansu daga Samaru zuwa ƙauyuka irin su Soba da Maska da Bomo, suna shirya wasa tare da manoma a kan matsalolin manoman kansu.

Sai dai abin da malaminmu ya yi ya ɗan bambanta da waɗannan littattafai. A wasan kwaikwayo marubuci ya riga ya yanke yadda za a ƙare, kai dai haddacewa za ka yi. A wasan malam kuwa ba wanda ya san ƙarshe. An ba ka mutum da halin da yake ciki, sauran ya rage naka.

To, ga halin da ake ciki a Zazzau a farkon 1902. Sarki Muhammadu Lawal Kwasau, ɗan Sarki Yero, daga gidan Barebari, ya hau gadon sarauta a 1897, kuma hawan nasa bai zo da cikakkiyar yardar Sakkwato ba, domin Wazirin Sakkwato Buhari ya zo da niyyar naɗa wani ne, sai ya tarar Kwasau yana da 'yan bindiga da goyon bayan Galadima, ya ga ba dama. Saboda haka tun farko akwai ɗan tsami tsakaninsa da uban gidansa. A cikin birni kuma ga sauran gidajen sarauta, Mallawa da Katsinawa da Sulluɓawa, kowa yana jiran ranarsa. A waje kuwa Turawa sun riga sun ci Bida da Kwantagora cikin 1901. Sarkin Sudan na Kwantagora, Ibrahim ɗan Umaru Nagwamatse, da aka kore shi daga garinsa sai ya faɗo ƙasar Zazzau da rundunarsa, yana cin ƙauyuka yana kama mutane. Abin da ya ƙara dagula al'amarin shi ne Ibrahim jikan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku ne, wato ɗan gidan Shehu. Ka ga ke nan mai ɓarnar ɗan uban gida ne, wa za ka kai wa ƙara?

Tambayar da malam ya aje a gaban fada ita ce: a nemi taimakon Nasara a kan Nagwamatse, ko kuwa a'a?

Na tuna wanda ya fito a Madaki, wani ɗan Likoro mai ƙarar murya, ya miƙe ya ce a yi sirdi a fita, mutuwa ɗaya ce. Liman ya ce bai halatta a kira kafiri a kan Musulmi ba. Manzon Sakkwato ya ce a yi haƙuri a jira wasiƙa. Wata 'yar ajinmu da ta ɗauki takardar Galadima, wadda a da ba mu taɓa jin ta yi magana a aji ba, ta tambayi manzon ko kwana nawa wasiƙa take yi daga Zariya zuwa Sakkwato ta dawo, kuma ƙauye nawa za a ci kafin ta iso. Ya rasa amsa. Madugu ya ce shi dai hanya ta buɗe, ko wa zai buɗe ta. Shi kuwa wanda ya fito a Bature, malam ya zaunar da shi a bakin ƙofa, ya ce kada ya ce uffan sai an kira shi, ya yi ta murmushi kawai.

Da aka zo kaina, sai na ji abin ya wuce wasa. A takardata an rubuta cewa an kama mutum goma sha biyu daga ƙauyen da ke maƙwabtaka da nawa, kuma dawa tana rumbu, ba inda zan kai ta. Na tuna labaran da kakata take ba mu na zamanin da in an ji kuwwa sai a kwashi yara a yi cikin ganuwa ko a faɗa kurmi. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, mu talakawanka ba mu san Nasara ba, amma mun san Nagwamatse." Aji ya yi tsit. Da aka ƙirga hannuwa, masu cewa a kira Bature suka yi rinjaye, kuma ni ina cikinsu.

Sai malam ya ce kowa ya zauna, ya ba mu labarin abin da ya biyo baya. Kwasau ya nemi taimakon Turawa, sun zo, sun kama Ibrahim Nagwamatse. Amma da suka zo ba su koma ba. Suka kafa bariki a Zariya, aka aje Kyaftin Abadie, wanda mutane suka riƙa kira Mai Jimina, a matsayin Razdan. Shekarar ba ta ƙare ba sai da aka kama Kwasau kansa aka fitar da shi daga ƙasarsa, ƙarshe a Lakwaja ya rasu. Cikin 1903 Gwamna Lugga ya naɗa Aliyu ɗan Sidi daga gidan Mallawa, wanda shi ma daga baya aka tuɓe shi aka kai Lakwaja. Shi kuwa Ibrahim Nagwamatse da aka yi kiran Turawa dominsa, Turawan suka mayar da shi kan gadonsa na Kwantagora, ya yi ta sarauta har 1929. Wanda ya yi kira ya rasa rawani, wanda aka yi kira a kansa ya mutu da nasa.

Ban taɓa manta yadda Madakinmu ya buga tebur ya ce, "Ai na gaya muku!" ba. Malam ya dube shi ya ce, "Kai yaro, da an bi shawararka fa? Mako mai zuwa za ka gani."

Mako na gaba aka koma 1903. A watan Oktoba na 1902 Magajin Keffi Ɗan Yamusa, wakilin Sarkin Zazzau a can, ya kashe Kyaftin Moloney ya gudu Kano, Sarkin Kano Alu ya karɓe shi hannu biyu. Ran 29 ga Janairu 1903 Kanar Morland ya tashi daga Zariya da sojoji ɗari bakwai da wani abu, da igwa da bindigogi masu ruwa, ya ratsa arewacin Zazzau, wato ɓangarenmu, ya fasa Bebeji, ya ci Kano ran 3 ga Fabrairu. Malam ya tsaya a nan ya nuna mana wani abin da littafinmu bai nanata ba: Turawan da ke cikin rundunar 'yan kaɗan ne, yawancin masu riƙe da bindigogin 'yan ƙasa ne, da Hausawa da yawa a ciki. Ya tambaye mu wa zai fito a ɗaya daga cikinsu ya gaya mana abin da ya kai shi aikin soja. Ba wanda ya ɗaga hannu.

Fadancin wannan rana na Sakkwato ne, a gaban Sarkin Musulmi Attahiru, wanda bai fi 'yan watanni da hawa ba. Hanya uku ce a gabansu: a yi yaƙi, ko a yi hijira, ko a zauna a yi sulhu domin kada a bar talakawa ba shugaba. Abin mamaki, a tarihin gaske duk ukun an bi su. An gwabza a Giginya ran 15 ga Maris 1903, dawaki da takobi suka kasa gaban bindiga mai ruwa. Attahiru ya nufi gabas, jama'a suka yi ta barin gonakinsu suna bin sa, har aka cim masa a Burmi ran 27 ga Yuli, ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutane. Ɗansa Mai Wurno ya wuce da sauran har Sudan, inda garin da ke ɗauke da sunansa yake a bakin kogin Nilu. Waziri Buhari kuwa ya dawo Sakkwato ya zauna da Turawa, daga baya ya rubuta wata risala zuwa ga ma'abota ilimi yana bayyana hujjarsa, kuma duk wanda ya san labarin risalar ya san mutumin bai yi wannan zaɓi da sanyin zuciya ba. Ajinmu ya rabu uku, aka buga ƙararrawa ba mu daidaita ba. Malam ya ce ba laifi, su ma ba su daidaita ba.

Yanzu da nake aikin gwamnati, in fayil ya zo tebur da rabin bayani kuma ana jiran in rubuta shawara kafin a tashi, nakan tuna Kwasau. Kafin wannan darasi, a wurina sarakunan 1903 kashi biyu ne, jarumai da maciya amana. Bayan na ɗaga hannuna da kaina na ce a kira Bature, bakina ya yi nauyi wajen zagin kowa daga cikinsu. Ba wai na wanke su ba ne. Kwasau ma ba a shaide shi da tausayin talakawan kudancin ƙasarsa ba, kuma harin bayi da ake kuka da Nagwamatse a kansa Zazzau ma ta yi shi shekara da shekaru. Wanda yake son ya ji yadda abin yake a idon mace 'yar ƙauye sai ya nemi littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta aka buga a 1954. Garuruwan da take ba da labarinsu, irin su Zarewa, ba su da nisa da mu.

Amma tilas in faɗi ɗaya ɓangaren, domin 'yan ajinmu za su ce na ɓoye. A zango na gaba malam ya so ya yi mana wasan jihadi a Zazzau, wato zuwan Malam Musa da tuta a 1808, da fitar Sarki Makau zuwa Zuba, wanda ƙaninsa Abu Ja ya kafa Abuja ta asali, Suleja ta yau. Wannan karon sai ya yi kuskure ya ce kowa ya zaɓi ɓangaren da yake so. Nan da nan aji ya rabu bisa asali. Masu jin su Fulani ne suka koma gefe guda, sauran suka koma ɗaya gefen, 'yan'uwanmu Kirista biyu da ke ajin suka tsaya tsakiya suna kallon ƙasa. Ba a yi minti ashirin ba aka fara jifa da kalmomi, Kaɗo, arne, har wani ya kira wani ɗan bayi, kuma ya san gidan da yake nufi. Malam ya tsayar da wasan, amma magana ta riga ta fita. An yi dambe a bayan ɗakin kwana a daren, kuma akwai mutum biyu da ba su sake gaisawa ba har muka gama makaranta. Na ji daɗi da na gan su a teburi ɗaya a taronmu na bara.

Daga baya, a jami'a, na karanta cewa irin wannan ta faru a wasu ƙasashe. A 1967 wani malamin tarihi mai suna Ron Jones a wata sakandare da ke Palo Alto ta ƙasar Amurka ya so ya nuna wa ɗalibansa yadda Jamusawa suka bi Hitila. Ya kafa musu ƙungiyar wasa mai gaisuwa ta musamman da katin shaida da tsauraran dokoki. Cikin kwana biyar yara daga wasu azuzuwa suka yi ta shigowa, suka fara kai rahoton junansu, har ya tsorata ya rushe abin. A ɗaya hannun kuma, wani farfesa mai suna Mark Carnes a Kwalejin Barnard da ke New York ya tsara irin wannan wasa a shekarun 1990 da dokoki a rubuce da takardun asali da ɗalibi zai karanta kafin ya buɗe baki, kuma jami'o'i da yawa sun ɗauka. Malaminmu bai san Carnes ba, amma gwangwanin madararsa yana yin aikin da dokokin Carnes suke yi. Ƙuri'a ita ke raba yaro da asalinsa, ta sa jikan hakimi ya zama dagaci, ɗan talaka ya zama sarki. Ranar da aka aje gwangwanin, ranar aka yi dambe.

Abin da ya sa na ga maganar ta dace yanzu shi ne tarihi yana dawowa makarantu. Mu ne kusan na ƙarshe da suka same shi da ɗan sauran mutunci. Daga shekarar karatu ta 2009 zuwa 2010 aka cire shi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare, a babbar sakandare kuma ya zama na ganin dama, ɗalibai suka guje shi. Cikin Nuwamba 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da dawo da shi, tare da horar da malamai 3,700 a zagayen farko, wato ɗari daga kowace jiha da Abuja. Cikin 2025 kuma aka sanar da sabuwar manhaja da ta wajabta tarihin Nijeriya daga aji ɗaya na firamare zuwa aji uku na ƙaramar sakandare. Malami ɗari a jihar da ke da ƙananan hukumomi 23, kowa ya yi lissafin nawa za su iso Kudan. Yawancin waɗanda za a ba darasin su kansu ba su karanta shi ba, kuma abin da ya fi sauƙi a gare su shi ne su cika allo da sunayen sarakuna da shekaru, yara su kwafa.

Wani abokin aikina ɗan Zonkwa, da na ba shi wannan labari, ya tambaye ni ko za a iya yin irin wasan a kan Kafanchan ta 1987, ko Zangon Kataf ta 1992, ko rikicin Kaduna na 2000. Na ce masa a ganina ba yanzu ba, kuma ba a aji biyar ba. A 2006 akwai yara a makarantarmu da iyayensu suka dawo gida daga Kaduna bayan 2000 da abin da ke jikinsu kawai. Ba za ka miƙa wa irin wannan yaro takarda ka ce ya fito a wanda ya ƙona gidansu ba. Shekara ɗari da ke tsakaninmu da Kwasau ita ta ba mu damar yin gardama mu fita mu ci abinci tare, kuma kun ga ko 1808, da ta fi nisa, ta kusa fin ƙarfinmu saboda har yau ana gadon sunayen da aka raba a lokacin. Ya ce shi kuma yana ganin in ba a fara a aji ba, a majalisar shayi za a koya wa yaran, kuma can ba malami ba ƙuri'a. Mun rabu a kan haka, kowa bai ja da baya ba.

Na ziyarci malam da ƙaramar salla a gidansa. Ya tsufa, ido ya yi rauni, amma da na ambaci Kwasau sai ya yi dariya ya ce, "A'a, dagaci ne?" Ya sa jikansa ya ɗauko wata tsohuwar jaka, ga takardun nan a ciki, talatin da wani abu, sun yi ja, rubutun biro ya fara dushewa. Ya ba ni aro na kai ofis na buga su a kwamfuta. Suna wurina, na Zariya 1902 da na Sakkwato 1903. Na 1808 kuwa ya ce ya yaga su tun a wannan daren.